Ido da Abin da Ke Bayansa: Matsayin Nazariyya a Binciken Zaman Jama'ar Jos

A shekarar 1960, wadda a cikinta Nijeriya ta karɓi ragamar mulkin kanta, wani ɗalibin ilmi Ba'amurke mai suna Leonard Plotnicov ya sauka garin Jos, ba don fatauci ba, ba kuwa don aikin gwamnati ko na mishan ba, sai don ya zauna a tsakiyar mutanen garin, ya san kwanansu da tashinsu, ya ji abin da ke faranta musu rai da abin da ke hana su barci, sa'an nan ya rubuta wa masu neman ilmin zamantakewar 'yan Adam abin da ya gani. Bai kuwa ɗaga ba sai cikin 1962. Garin da ya tarar gari ne wanda kuza ta tara, gama tun da Turawa suka hau dutsen Jos a farkon ƙarnin suka buɗe filayen haƙa a Naraguta da Bukuru da kewayensu, aka shimfiɗo ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya wadda ta iso a 1914, aka kuma jawo babbar ta Kafanchan a 1927, mutane ba su fasa kwararowa ba, Bahaushe da Babarbare da Banufe daga arewa, Bayarabe da Ibo da Urhobo daga kudu, har da mutanen Saliyo da Kwarori, kowa ya zo neman rabonsa a ƙasar da Birom da Anaguta da Afizere ke nomawa.

Amma fa wannan baƙo bai zo da zuciya wofi ba, babu kuwa mai binciken da ya taɓa zuwa da ita haka. A zamanin da ya yi karatu, maganar da ta cika makarantu ita ce ta Louis Wirth, malami a Jami'ar Chicago, wanda ya rubuta a 1938 cewa birni, saboda yawan mutanensa da cunkosonsu da saɓanin asalinsu, yakan sassauta igiyar zumunta, ya mai da mu'amala ta zama ta sama-sama, kowa tasa ta fisshe shi. A Afirka kuwa Turawan mulki sun daɗe suna ɗauka cewa baƙar fata, in ya baro ƙauye ya shigo garin ma'adinai, to ya tuɓe ƙabilarsa ke nan, ya zama mutum marar tushe. Plotnicov ya zaɓi mutum 8 daga ƙabilu dabam-dabam, ya lizimce su wata da watanni, yana zuwa gidajensu, yana rubuta tarihin rayuwar kowanne daga bakinsa. Abin da ya fito masa, wanda ya buga a littafinsa Strangers to the City a 1967, shi ne mutum yakan yi shekara da shekaru a Jos, ya yi abokai a wurin aiki da wurin ibada daga kowane jinsi, amma duk da haka ba ya fashin taron ƙungiyar 'yan garinsu, yana aika kuɗi gida, yana sauke baƙi daga gida, zuciyarsa kuwa tana kan ranar komawa. To, a nan ne nake son mai karatu ya dakata ya yi tunani: da a ce babu maganar Wirth a kansa, me zai sa ya ɗauki kuɗin da akawu ke aika wa tsohuwarsa ta gidan waya a kan abin rubutawa? Kowa ya san ana yi. Bai zama labari ba sai da aka sami wata magana da ta ce bai kamata ya ɗore ba.

Wannan magana da mai bincike ke shigowa da ita, ita ce nazariyya, wadda malaman jami'o'inmu kan kira ra'i. Ba wani abu ba ce face bayani dunƙulalle a kan dalilin da ya sa al'amuran jama'a ke gudana yadda suke gudana: me ke haɗa mutane, me ke raba su, me ya sa wannan ke sama wancan ke ƙasa, wane abu ne sababi wane ne musabbabi. Shi kuwa binciken zama cikin jama'a, wanda ake yi da ƙafa da kunne da haƙuri, ba da takardar tambayoyi da ake rabawa a tattara cikin yini guda ba, shi ne mutum ya tare a unguwa ko kasuwa ko tasha, ya koyi harshen mutanenta, ya halarci sunansu da bikinsu da jana'izarsu, har su saba da shi su daina gyara zama in ya shigo. Mas'alar da ta daɗe tana raba kan masana ita ce: wane matsayi ta farkon take da shi a cikin na biyun? Ko ita ce jagora, ko kuwa shamaki ce tsakanin ido da gaskiya?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, magana ce kuwa ta hikima, amma tana da iyaka, domin ido ba ya ɗaukar kome da kome. Abin da zuciya ta tambaya shi yake nema. Mutum biyu sa shiga kasuwar Farin Gada tare, su fito tare, ɗaya ya ba ka labarin tsadar tumatir da kabeji, ɗaya ya ba ka labarin wanda ke da ikon raba rumfuna, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, wanda kuma ake ɗauka shi ne ya kafa ƙa'idojin wannan irin bincike a Turai, ya bambanta tsakanin mutumin da ya tafi da hukunci yankakke yana neman abin da zai tabbatar masa da shi, da wanda ya tafi da matsaloli da karatu ya tayar masa yana neman jawabinsu. Na farko ya ce ɓarna ne, na biyu kuwa shi ne guzurin mai ilmi.

Mu da muka tashi a gaban alaramma da malamin zaure, wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu, ko da yake ba da wannan suna muka san shi ba. Malaman hadisi sun raba ilminsu gida biyu, riwaya da diraya, watau ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, da kuma fahimtar ta da auna ingancinta. Malaman fiƙihu kuwa ba su yarda mutum ya yi fatawa a kan rassa ba sai ya san usulu, ya san illar hukunci, don kada ya yi ƙiyasi a inda akwai bambanci. Wanda ya ɗauko wannan mizani ya aza shi a kan labaran al'ummai shi ne Abdurrahman Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377 yana keɓe a Ƙal'at Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya zargi marubuta tarihi da cewa suna kwasar labari yadda suka ji shi ba tare da sun gwada shi da ɗabi'ar zaman jama'a ba, ya kuma kawo misali da abin da Mas'udi da wasunsa suka ruwaito, cewa rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, ta kai mayaƙa 600,000. Bai tsaya kan wanda ya faɗa ba. Tambaya ya yi ko faɗin ƙasar zai ɗauki wannan runduna, ko za a iya jera ta a fagen fama har sashe ya san abin da sashe ke ciki, ko zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka cikin 'yan kakanni kaɗan, alhali Farisa, da duk girman daularta, ba ta tara kusa da wannan ba a yaƙin Ƙadisiyya. Wannan shi ne aikin nazariyya tsantsa: sanin abin da kan yiwu a cikin al'umma, wanda da shi ake tace abin da kunne ya ji, har ma da abin da ido ya gani.

Sai dai tacewa kanta tana da hatsari, mutanen Jos kuwa sun fi kowa sanin haka daga sana'ar da ta kafa garinsu. Mai wankin kuza yakan ɗibi ƙasa a ƙwarya ko kwano, ya durƙusa a bakin ruwa yana jujjuyawa a hankali, yashi da laka suna bin ruwa suna zubewa, baƙin nan mai nauyi yana kwantawa a gindi. To, shekara da shekaru kamfanoni suna ware kuza suna tsibe abin da ya saura a juji, a cikinsa kuwa akwai kolumbayit, wanda ba a kula da shi ba sai da buƙatarsa ta tashi, musamman a farkon shekarun 1950 sa'ad da Amurka ta shiga sayensa da tsada, sa'an nan aka koma ana tonon jujin da aka zubar. Haka nazariyya take: ba a wanki sai da ita, amma abin da ta koya maka nema shi kaɗai take riƙe maka, sauran kuwa sai ya bi ruwa. Saboda haka mai bincike na kirki yakan rubuta har abin da bai ga amfaninsa ba a ranar, ya adana.

A shekarar da Plotnicov ya sauka Jos, wani Ba'amurken, Robert Netting, ya wuce can kudancin dutse ya tare wurin mutanen Kofyar, a yankin da ke cikin ƙaramar hukumar Qua'an Pan a yau. Abin da aka saba faɗa a lokacin shi ne manomin Afirka bai san kome ba sai sassabe da ƙuna, ya ci gona shekara biyu ko uku ya bar ta ya nausa gaba. Netting ya tarar da akasin haka: mutane sun gina matakala da duwatsu a jikin tsauni don kada ruwa ya kwashe ƙasa, sun ɗaure awaki a garke na dutse suna yanko musu ciyawa, suna tara takinsu suna kai wa gonar da ke kewaye da gida, suna noma ta kowace shekara ba hutu, dawa da gero da wake a haɗe, kowane magidanci da ɗan ƙaramin iyalinsa. Ya gani, ya auna, ya rubuta. Amma dalilin abin bai gama warwaruwa ba sai da Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmak, ta fito da littafinta a 1965, inda ta ce yawan jama'a da ƙarancin fili su ne ke tilasta wa manomi ya ƙara wahala da dabara a kan ɗan abin da ke hannunsa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ita ƙasar da kanta ta gwada wannan magana, gama da zaman lafiya ya samu Kofyar suka fara gangarowa fadamun da ke wajen Namu, inda daji ke da yalwa, sai suka saki takin awaki suka koma sassabe, gidaje suka ƙara girma don neman hannuwan aiki, ana noman doya da shinkafa na sayarwa da gayya. Da Netting ya koma a 1984 tare da Glenn Stone da Priscilla Stone, sai suka tarar filin ya fara cika, dabarun tattalin ƙasa kuma sun fara dawowa. A nan nazariyya ba ta rufe ido ba, buɗe shi ta yi, ta nuna cewa abin da ake kira al'adar ƙabila sau da yawa hankali ne da mutane ke yi da halin da suka sami kansu.

Bill Freund kuwa, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya dubi dutsen nan ta fuskar jari da ƙwadago, bisa tafarkin Karl Marx, a littafinsa na 1981 kan ma'adinan kuza. Tambayarsa ita ce wa ya yi gumi, wa ya kwashe riba. Ita ce kuma ta kai shi ga harajin da ya kori talaka daga gonarsa zuwa bariki, da diban gwamna na shekarun 1942 zuwa 1944, sa'ad da Ingila, bayan Japan ta ƙwace mata kuzar Malaya, ta sa aka ɗebo talakawa da ƙarfi daga lardunan Arewa aka kawo su cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa kuwa ba su koma gida ba. Wanda ya zo yana tambayar ƙabila kaɗai, da wuya ya tsaya kan waɗannan kaburbura.

Misalin da ya fi dacewa Bahaushe ya yi nazarinsa da kyau, domin a kansa aka yi shi, shi ne na Abner Cohen, haifaffen Bagadaza, almajirin Max Gluckman na Manchester, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963. Ya lura da yadda cinikin shanu ke tafiya: Bafatake ya iso da garkensa daga arewa, ya sauka gidan maigida, wanda zai ba shi masauki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa, mahauci Bayarabe ya zo ya duba sa, a yi ciniki, ya kora ya tafi ba tare da ya biya ko sisi ba, sai ya yanka ya sayar, ba banki, ba takarda, ba sa hannu, sai lamunin maigida, wanda in mahauci ya ci amana shi zai biya daga aljihunsa. Goro kuma yana bin wannan hanya zuwa arewa. Cohen ya ce wannan amana ba ta tsayuwa sai a cikin jama'a mai harshe ɗaya da sarki ɗaya da alƙalanci ɗaya, inda wanda ya ci amana ba shi da wurin ɓuya. Saboda haka Hausawan Sabo suke ƙara riƙe Hausancinsu, ba don ƙyamar zamani ba, sai don shi ne katangar kasuwarsu. Wannan bayani ya haskaka abubuwa da yawa, har yau kuwa ana karanta littafinsa na 1969 a jami'o'in duniya.

Amma da ya zo kan ɗariƙa, a ganina, ya ja nazariyyarsa har inda ba ta kai ba. Ya nuna cewa a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Sabo, mutanen unguwar suka shiga Tijjaniyya ɗungurungum, suka ware masallacin Jumu'arsu daga na Yarabawa, ya kuma fassara wannan da cewa sabuwar katanga ce aka gina bayan tsohuwar ta tsage. Ban musa cewa ɗariƙa ta yi wannan amfani ba. Sai dai failar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta riga ta mamaye Kano, bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajji na 1937, a Kano kuwa babu Bayaraben da ake tsoron ya ƙwace cinikin shanu. Mutumin da ya tashi da asuba ya zauna wuridi yana hawaye, akwai abin da yake nema wanda lissafin la'ada ba zai ƙare bayaninsa ba. Amfanin da abu ya haifar daban, niyyar da aka yi shi da ita daban, mai binciken da ya haɗa su kuwa ya tauye wa mutanen da suka karɓe shi haƙƙinsu, ko da bai yi nufin haka ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan gardama ce ta malamai a ɗakin karatu, wadda ba ta shafi mai sayar da dankali ba. Nazariyya takan sauko daga littafi ta zama doka, ta zama titi da unguwa. Turawan mulki sun zo da tasu, cewa kowane baƙar fata ɗan wata ƙabila ne, kowace ƙabila kuma tana da ƙasarta da sarkinta, da ita suka raba Jos, ɓangare ƙarƙashin hukumar Bature, ɓangare ƙarƙashin hukumar gargajiya. Daga wannan tushe ne rabon mutane zuwa 'yan asali da 'yan zama ya tsiro, ya shiga takardar shaidar asali wadda ba a samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai da ita. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, rikicin 1994 da na 2001 da na 2008, da kwamitocin bincike na Mai Shari'a Fiberesima da Niki Tobi da Bola Ajibola da suka biyo bayansu, duk sun yi ta kewaya wannan tambaya ta waye mai gari. Ba aikina ba ne a nan in yanke hukunci a kanta. Abin da nake cewa shi ne tambayar kanta tana da tarihi, wani ne ya fara yin ta, kuma wanda bai san haka ba zai ɗauka daga sama ta faɗo.

Mu ɗauki Gada Biyu, inda hanyar Rukuba ke rabuwa ta nufi barikin soja, gefen Kabong, wurin da kasuwa da masu keke da motocin haya ke cakuɗe ƙarƙashin gadar sama tun safe har dare. Wanda bai san Jos ba, in ya taɓa jin sunan wurin, to a labarin baƙin ciki ya ji shi: bama-baman jajibirin Kirsimeti, ranar 24 ga Disamba 2010, waɗanda suka tashi a Kabong da Unguwar Rukuba suka hallaka mutane suna cefanen biki; da kisan matafiya fiye da 20 a hanyar Rukuba ranar 14 ga Agusta 2021, suna komowa daga taron zikiri a Bauchi za su Jihar Ondo, a kwanakin da mutanen Irigwe na Bassa su ma ke cikin makokin nasu da aka kashe. Allah ya ji ƙan bayinsa. In masu bincike suka zo wannan mahaɗa, wanda ya riƙe cewa addini ne tushen kome zai ƙirga majami'u da masallatai ya saurari wa'azi. Mai nazariyyar ɗan asali da ɗan zama zai nemi wanda ke da fili da wanda ke da kansila. Almajirin Marx zai zauna da samarin da ba su da aikin yi. Wanda ya yi imani cewa manya ne ke hura wuta zai bi sawun kuɗi lokacin zaɓe. Kowannensu zai sami shaida, domin akwai ta. Aibin da suka yi tarayya a kai shi ne dukkansu bayanin ranar wuta suka zo nema, alhali ranakun da direban keke Musulmi ke ratsa wurin ya sauke fasinjarsa Kirista, ta biya shi, ya ba ta canji, su yi sallama, sun fi ranakun wuta yawa nesa ba kusa ba, su ma kuwa suna bukatar bayani.

Wadda ta juya tambayar ta wannan fuska ita ce Jana Krause, a littafinta na 2018, inda ta gwama Jos da Ambon ta Indunusiya. Maimakon ta tambayi abin da ya sa aka yi faɗa, sai ta tambayi abin da ya sa ba a yi ba a inda duk sharuɗɗansa suka cika, ta kuwa tare a kan Dadin Kowa, unguwa mai Musulmi da Kirista a haɗe, mai talauci da samari marasa aiki kamar kowace, wadda duk da haka ba ta ƙone ba a lokutan da maƙwabtanta suka ƙone. Ta sami cewa ba sa'a ba ce, aiki ne: mata sun matsa wa dattawa lamba, fastoci da limamai da masu unguwa sun ƙulla alkawari sun bayyana shi ga jama'a, an sa samarin ɓangarorin biyu sintiri tare, an hana 'yan waje shigowa su ta da hankali, an kuma tsawata wa 'ya'yan unguwa da hannu mai nauyi, ba da lallashi kaɗai ba. Unguwa ɗaya tak ta isa ta nuna cewa addini da talauci da takardar asali, ko da sun taru, ba su wajabta zub da jini ba. Akwai wani abu a tsakani, shi ne abin da mutanen wuri suka zaɓa, da irin shugabannin da Allah ya ba su. Malaman usulu sun san wannan ƙa'ida: in aka sami illa ba a sami hukunci ba, to a sake duban illar.

Masana na zamani sun kasu biyu a kan hanyar da ta fi. Barney Glaser da Anselm Strauss, a 1967, sun ce a shiga fili da sauƙin kaya, a bar nazariyya ta tsiro daga abin da aka tattara, ana gwama wannan da wancan har sura ta fito. Michael Burawoy kuwa, wanda ya fara bincikensa a ma'adinan tagulla na Zambiya, ya ce a shiga da nazariyya a fili, a nemi inda za ta karye, a gyara ta a nan. Ni na fi karkata ga ta biyu, saboda dalili ɗaya: wanda ya ce ya shigo ba da kome ba, galibi ya shigo da abin da ya tsotsa a gida da abin da ya ji a majalisa, bai dai sani ba ne, a gari irin Jos kuwa, inda kowane yaro ya tashi da labarin wanda ya fara, wannan ita ce nazariyyar da ta fi kowace wuyar tuɓewa. Gara wadda aka ambata da sunanta, aka san mai ita da shekarar da ya faɗe ta, domin ita ana iya yi mata gardama.

Akwai kuma wata wahala wadda Plotnicov bai sha ba, amma ɗaliban sashen ilmin zamantakewa na Jami'ar Jos suna shan ta yau. Shi baƙo ne fari, ba a lissafa shi a kowane ɓangare ba, yana shiga gidan Bahaushe da safe, na Ibo da rana, na Birom da maraice. Tun daga 2001 garin ya rarrabu, musamman bayan gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 ta watsa wurin da ya fi kowane haɗa mutane. Ɗalibi mai suna Musa ba zai sami sakewar zaman hira har dare a Kabong ba, mai suna Dung kuma ba zai same ta a Unguwar Rogo ba, ko sun zauna ma, abin da za a gaya wa kowannensu an riga an tace shi gwargwadon sunansa. Ke nan rabin gari kaɗai kowannensu zai iya gani da idonsa, rabin kuwa sai ya cike shi da zato. Abin da ya rage ga malaman da ke duba ayyukansu shi ne su riƙa tura su biyu-biyu a kan tambaya ɗaya, wannan a unguwar da za ta karɓe shi, wancan a tasa, kowanne ya rubuta tun kafin ya fita abin da yake tsammanin zai tarar da dalilinsa, sa'an nan in sun komo su musanya littattafan da suka cika a fili, kowa ya karanta na ɗan'uwansa a gaban malami kafin a ba shi izinin rubuta babi na farko.